Tauraron da Na Tsinto wa Inna

Tun da muka dawo daga Chaina ban huta da tambaya ba. A gidan biki, a bakin famfo, har a cikin keke, sai wata ta dafa ni ta ce, "Saude, yaya ƙasar take? Me kuka ci? Da gaske ba sa gaisuwa?" Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yawancin masu tambayar sun riga sun kalli tafiyar a bidiyon ƙanwata Nafisa, inda ita take gaba tana dariya, ni kuma ake hango rabin fuskata a baya, riƙe da jaka. To ga tawa tafiyar, yadda ni na gan ta. Wadda ta karanta ta bar ni in sha ruwa.

Sana'ata haɗa kayan shayi. A ɗakina da ke Gada Biyu a Jos nake daka citta da kanumfari da girfa da masoro, in ƙulla a leda, masu shayin Titin Bauchi su aiko a saya. Mahaifiyarmu, Inna, ta daɗe tana fama da kumburin ciki. In ta ci wake ko kabeji sai ta wuni tana gyatsa tana riƙe da haƙarƙari. Wata rana wata Bashuwa mai kayan ƙamshi ta nuna min wani busasshen ɗan itace ja, mai ƙahonni takwas, kowane ƙaho da ƙwaya mai sheƙi a ciki. 'Yan boko na ce masa sita anis, ni dai tauraro nake ce masa, don siffarsa ke nan. Ni na fara jefa ɗaya a shayin Inna, kuma ta ji sauƙi.

Sai Nafisa ta gama jami'a, aiki bai samu ba, ta dawo ta zauna kusa da turmina tana kallon hannuna. Ta zuba haɗin nawa a kwalba, ta manna takarda mai hotonta, ta kunna waya tana zuba Turanci da Hausa. Kafin a ankara har daga Legas ana aiko da saye. Ba zan yi mata ƙarya ba, haƙƙina tana ba ni cif. Amma suna ya tafi, kowa shayin Nafisa yake cewa. Wannan ma dai na jure. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ranar da baƙi suka zo gaida Inna, ta ɗaga kofi ta ce, "Ai autata ce ta gano min maganin cikina, Allah Ya yi wa Nafisa albarka." Ina tsaye a bakin ƙofa da butar shayin da na dafa a hannuna.

Da tauraron kasuwa ya fara zuwa tsoho, babu ƙamshi sai ƙura, Nafisa ta binciko manomansa ta waya, ta ce mu je har gonar mu gani da idonmu. "Yaya, dole da ke," in ji ta, "ni hoto na iya, ke kika san ƙamshi." Na ji daɗi har na fara murmushi. Sai Inna ta ce, "Eh, ki bi ta ki riƙe mata kaya, ki kula min da ita." A nan na ƙudurta a raina cewa daga tafiyar nan sai na kawo wa Inna wani abu nawa ni kaɗai, wanda babu hannun Nafisa a ciki, ko sau ɗaya in ji sunana a bakinta.

Ana jibi mu tashi maƙwabciyarmu Madam Kaneng ta leƙo. Tsohuwar nas ce da ta yi aiki a asibitin Vom har ta yi ritaya, ita ke auna wa Inna jini. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Saude, wannan tauraro naku yana da kyau, yana taimaka ciki, yana daɗi in mutum na mura. Amma abeg, kayan ƙamshi ne, ba asibiti ba. Kar Mama ya bar shan maganin hawan jini saboda shi. Kuma ku faɗa ma kwastoma naku, ba a ba jarirai." Na ce mun ji. Ta juya wajen Nafisa ta ce ta kawo mata laima mai kyau, don ta san ita ce mai ido. Ni ba a aike ni komai ba.

Mun kama motar Abuja da safe, ana ɗan yayyafi, Jos ta yi sanyin nan nata mai shiga ƙashi. Direban wani mai surutu ne da ke ce wa kowane ɗan sanda oga tun kafin ya tsaya. Ba mu kai Hawan Kibo ba wata mata da ke gabanmu ta waiwayo ta ƙura wa Nafisa ido. "Ke ce mai shayin nan ta waya?" Shi ke nan mota ta rikice. Wannan ya ce yana da ciwon suga, waccan ta ce mijinta na da basir, wani dattijo ya ce gwiwa. Nafisa ta yi ta ba su haƙuri tana cewa shayi ne kawai, yana kwantar da ciki yana buɗe maƙogwaro, amma mai suga ya riƙe likitansa. Suka ce kai, yarinyar nan akwai gaskiya. Ni da na san yawan cittar da ke cikin kowace kwalba babu wanda ya tambaye ni. Can matar ta dube ni ta ce wa Nafisa, "Wannan mamanki ce?" Daga nan har Keffi taga nake kallo.

Jirgi kuwa ban taɓa shiga ba. Da ya tashi na kama hannun kujera na karanto duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Nafisa ta toshe kunne tana kallon fim kamar a falon gidanmu. Mun sauka a Adis Ababa muka canza jirgi. Abin da na riƙe game da Habasha shi ne doguwar tafiya a cikin gini da ƙamshin gahawa, sai wata mai shara da ta ga ina neman inda zan yi alwala ta ja ni da hannu har wurin, ba tare da mun fahimci kalma ɗaya ta juna ba. Jirgi na biyu ya yi ta tafiya har ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

A Guwanzu, birnin Chaina da muka sauka, wurin masu duba fasfo, akwai wata na'ura da ake ɗora yatsu. Nafisa ta ɗora, wuta ta yi kore, ta wuce. Na ɗora nawa, na'ura ta yi ja. Na sake, ta sake ja. Shekarun riƙe taɓarya da ɓare citta sun cinye zanen yatsuna, ga kuma jan lallen da na ƙunsa don tafiya. Jami'in ya kama hannuna yana jujjuyawa, ya goga min wani ruwa, ya kira wata, ita ma ta kira wani. Layi ya taru a bayana, Nafisa na can gaba tana yi musu bayani da Turanci. Da ƙyar ɗan yatsa ɗaya ya yarda. Na ce a raina, hannun da ya gina sana'ar ne na'ura ba ta sani ba, ta san na mai ɗaukar hoto.

Ban gama hucewa ba wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata. Aka buɗe. Kilishi da dambun naman da na yi guzuri, waɗanda na soya da kaina don kar mu ci abin da ba mu sani ba, duk aka kwashe, wai ba a shiga ƙasar da nama. Wata jami'a ta buɗe robar yajina ta kai hanci, ta yi atishawa har hularta ta karkace, ta maido min da sauri. Nafisa ta ce, "Yaya, ai na gaya miki tun a gida." Ta gaya min ɗin, shi ya sa abin ya fi zafi.

Masaukinmu yana unguwar da 'yan Afirka ke sauka, a wani bene mai tsawon da in ka leƙa ƙasa sai kanka ya juya. Ɗakin bai kai kicin ɗinmu ba, gado biyu da 'yar hanya a tsakani. Zafin garin irin mai ɗanko ne, mutumin Jos ba ya jure shi, na wuni ina fifita da murfin kwali. Ga shi duk inda ka nemi ruwa, mai zafi za a miƙo maka. Su a wurinsu ruwan sanyi ne ke ɓata ciki, ko yaro ka gani da 'yar gorarsa ta ruwan ɗumi. Na ce a raina, da Inna mai son ruwan zafi ta zo nan da ta samu 'yan uwa.

Maganar gaisuwa gaskiya ce. Za ku shiga lif da mutum, ku haɗa kafaɗa, ba zai tambaye ki kwanan gida ba balle gajiya. Da farko na ɗauka wulaƙanci ne. Daga baya na lura in kin tsaya kina dube-dube, wani zai bar abin da yake yi ya raka ki har inda za ki, ya juya ya tafi kafin ki gode. Mu kuwa sai mu gaisa har da tambayar akuya, sannan mu nuna wa baƙo hanya da baki.

Abinci muka samu a shagon wasu Musulmin ƙasar, masu fararen huluna. Na yi sallama da ɗar-ɗar, tsoho mai shagon ya amsa min cikakkiya, har na ji ƙwalla. Taliya suke ja da hannu a gabanka, su zuba romon naman sa. Sai aka kawo tsinkaye biyu a maimakon cokali. Nafisa ta gwada sau biyu ta iya, mai shagon ya tafa mata, matarsa ta fito ta ɗauki hoto da ita. Ni taliya ta yi ta zamewa tana faɗawa romo tana fantsama min a mayafi, har wata ta tausaya ta kawo min cokalin miya. Na barbaɗa yajina na ci, kaina a ƙasa.

Mai yi mana tafinta wata mata ce mai suna Lili, siririya, mai saurin tafiya. Tana jin Turanci, ba ta jin Hausa, ni kuma Turancina na firamare bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Saboda haka duk maganar da za a yi sai ta bi ta kunnen Nafisa kafin ta iso ni, in ta ga dama ta fassara, in dariya ta kama su sai in tsaya ina jira. Muka shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa yankin Guwanshi. Na ajiye kofin shayi a kan tebur, bai ko girgiza ba. Daga nan muka hau ƙaramar mota muka yi ta hawa. Duwatsun sun tuna min da namu na Filato, sai dai nasu a rufe suke da itatuwa har kai.

Tun kafin mu shiga ƙauyen ƙamshi ya tare mu. Na ce direba ya sauke gilashi. Duk filin da ke gaban gidaje an shanya tauraro, wani kore, wani ya fara ja, wani ya bushe ya yi duhu. Ashe bishiya ce doguwa, maza ke hawa da kwando su tsinko shi ɗanye, a tsoma a ruwan zafi, a baza a rana. Na durƙusa na cika tafin hannuna na shaƙa. Shekara da shekaru ina aiki da abin nan ban san uwarsa ba. A wannan lokacin kam na manta da kowa, na ji daɗin zuwana.

Manomin da muka zo wurinsa mutum ne mai fara'a, haƙoransa duk taba ta rina. Mahaifiyarsa ce ke da gidan, tsohuwa 'yar firit mai ƙaton malafa. Aka jera mana buhuna a buɗe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina murzawa ina shinshinawa, na ture wanda aka busar da hayaƙi, na ture wanda ya kwana biyu, na dafa ɗaya na ce wannan. Nafisa ta faɗa da Turanci, Lili ta faɗa da yarensu. Manomin ya ɗaga babban yatsa, amma Nafisa ya ɗaga wa, don daga bakinta maganar ta fito. Tsohuwar ta kama hannun Nafisa tana shafa zanen lallenta, ta cire malafarta ta kifa mata a kai, aka yi ta hoto. Ni ce ma aka miƙa wa wayar in ɗauka.

Nafisa ta tambayi tsohuwar wace cuta suke magani da shi. Da Lili ta fassara, tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta ja mu kicin ta buɗe tukunya. Naman alade ne ke tafasa, taurari na yawo a kai. Na ja da baya ina salati a ciki. Abin da muke lallaɓawa a kwalba kamar zinariya, su daddawarsu ce. Ta ce in ciki ya kumbura ko sanyi ya kama mutum, sukan tafasa ɗaya su sha, amma yawanci na miya ne. Lili ta ƙara da cewa kamfanoni kan sayi wani don su tace wani sinadari da ake haɗa maganin mura mai tsanani da shi, sai dai shan shayinsa daban, ƙwayar asibiti daban. Wannan duk Nafisa ta fassara min. Mu an dafa mana shinkafa da ƙwai da ganye a wata tukunya sabuwa, don Lili ta riga ta gaya musu abin da ba ma ci.

Bayan cin abinci aka zauna maganar kaya. Turanci ya kankama, ana dariya, tsohuwar na riƙe da hannun Nafisa kamar jikarta. Na zauna kamar kujera. Na taɓa Nafisa na ce me ake cewa, ta ce, "Ina zuwa, Yaya." Na sake taɓa ta, ta ɗaga min hannu ba ta ko waiwayo ba. Daidai lokacin manomin ya shigo da faranti biyu, kowanne da taurari a kai, ya ajiye a gabansu fuskarsa ba wasa. Na miƙe na ce zan sha iska. Babu wanda ya hana ni, kuma wannan ma ya ƙara min haushi.

Na bi wata 'yar hanya ta bayan gida, na wuce gonar, na gangara wajen wani rafi. A can gefe, cikin duhuwa inda ba a noma, na ga wata bishiya ita kaɗai, ganyenta kamar na sauran, ƙasanta cike da taurarin da suka faɗo suka bushe. Na ɗauki ɗaya. Ƙahonninsa sun fi takwas, wani goma, wani fiye, sirara ne, bakinsu a lanƙwashe kamar ƙugiya. Murna ta kama ni. Mu a gida mun san zumar daji ta fi ta akwati, kazar gida ta fi ta gona, sassaƙen da aka samo a dawa ya fi na bayan ɗaki ƙarfi. Na ce wannan shi ne na asali, na daji, wanda bai san taki ba, shi ya sa ma ƙahonninsa suka fi yawa. Na kai hanci. Ƙamshin bai yi zaƙi ba, ya fi kama da kafur. Hancina ya gaya min, amma na ce masa ƙarfin magani ne.

Na tsinci masu kyau na ƙulle a farin hankicina, na cusa a jakar hannu. Ina hawowa ina jin muryar Inna a kunnena tana cewa Saude ce ta shiga dawa saboda ni. Da muka shiga mota Nafisa ta juyo ta ce, "Yaya, da kin tsaya kin ga abin da mutumin nan ya nuna mana. Ashe akwai wani iri da..." Na katse ta. "Kaina ke ciwo. Ki riƙe Turancinki, tun da ke aka yi wa bayani." Ta juya ta fuskanci gaba. Lili ta dube mu ta madubi, ta maida idonta kan hanya.

Da muka koma Guwanzu na tura ƙullin cikin safa, na binne a ƙasan akwati. Akwati ɗaya muka haɗa. Ranar da za mu taso Nafisa ta ce nauyi ya yi yawa, sai ta sake shiri, in je in sayo mana burodi. Na tafi, na ɓata a hanya, wani ɗan Mali ya dawo da ni. Na tarar ta rufe akwati tana zaune a kai. Na lallaɓa na zura hannu ta gefe, na ji safar da ƙullin suna nan, hankalina ya kwanta. Dawowa ba ta yi wuya ba, sai dai kumburin ƙafa. Da muka hawo Filato iska mai sanyi ta bugi fuskata na yi hamdala.

Ɗakin Inna ya cika da maƙwabta. Nafisa ta fito da tsaraba, mayafai, filas, laimar Madam Kaneng, ana ta shi mata albarka. Na bari sai da hayaniya ta lafa, sannan na durƙusa a gaban Inna na ajiye farin hankicin a cinyarta. "Inna, wannan ba saye ba ne. Da ƙafata na shiga dawa bayan dutse na tsinto miki. Ba a sayar da irinsa a kasuwa."

Inna ta kwance ƙullin a hankali. Na leƙa, sai na ji kamar an zuba min ruwan randa a baya. Taurarin da ke ciki jajaye ne, masu kauri, ƙahonni takwas-takwas, bakinsu a miƙe. Ƙamshinsu mai zaƙi ya cika ɗakin. Na san su, daga buhun da na zaɓa da hancina ne. Na ɗaga ido na dubi Nafisa. Tana can kusa da taga tana danna waya.

Inna ta kai hanci ta lumshe ido. Ta dafa kaina, abin da rabonta da yi har na manta. "Kun gani ko? Kowa ya shiga kanti ya sayo, amma Saude dawa ta shiga saboda cikina. Dama tun farko ita ke min wahalar shayin nan. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki masu yi miki." Ɗaki ya amsa da amin. Maganar da na yi shekaru ina jira ke nan, na ji ta da kunnena, kuma na kasa ɗaga kai.

Na same ta a kicin tana wanke kofuna. Na rufe ƙofa.

"Ina nawa?"

"Suna kwandon shara a Guwanzu," in ji ta, ba ta juyo ba. "Shi ne abin da ke faranti na biyu, Yaya. Na daji ne, guba ne. Mutumin ya ce yana sa amai da jijjiga kamar farfaɗiya, tsoho ko jariri yana iya tafiya. Ya ce mu kula da mai ƙahonni da yawa masu ƙugiya, kar a taɓa gauraya mana shi. Ina shirya akwati na ji ƙamshin kafur a safarki."

Na zauna a kan bokiti. Na tuna yadda Inna ke son shayinta da kauri, biyu take cewa in jefa in cikin ya matsa mata.

"To me ya hana ki gaya min?"

Sai a nan ta juyo, hannunta duk kumfa. "Na fara, kika ce in riƙe Turancina. Da na ce miki ki zubar, wallahi cewa za ki yi baƙin ciki nake miki, ba na so ki kawo wa Inna abin da ya fi nawa. Ki ɓoye rabi ki kawo. Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ta yi ba. Na so in gode mata, bakina ya ƙi. Abin da ke raina a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, haushi ne. Ta fi ni Turanci, ta fi ni farin jini, na'ura ma ta fi sanin hannunta, yanzu kuma ga shi ta fi ni hali. Na ce mata, "Sai ki je ki faɗa wa Inna." Ta ce, "In faɗa mata me? Ke kika zaɓi buhun." Ta ci gaba da wanke kofunanta.

To, masu tambayar yaya Chaina take, haka take. Akwai zafi, akwai ruwan ɗumi, akwai mutanen kirki da ba sa gaisuwa. In kun sayi tauraro ku ƙirga ƙahonninsa ku shinshina, ku jefa ɗaya a shayi don daɗi da kwanciyar ciki, kar ku ba jariri, kar ku ajiye maganin asibiti saboda shi. Inna ba ta karatun boko, kuma ban yafe wa wadda za ta karanta mata wannan ba.

Hankicin yana ƙarƙashin matashinta, ba ta bari kowa ya taɓa. Kowace safiya takan ƙwala min kira ta ciro ɗaya ta ce, "Saude, dafa min na wajenki, na kwalbar nan bai kai shi ba." In karɓa da hannu biyu, in bi ta tsakar gida inda Nafisa ke zaune tana cika kwalabe daga buhu. Ba ta ɗaga kai, ni ma ba na tsayawa. In shiga kicin in jefa shi a tukunya, ina jiyo Inna daga ɗaki tana shi min albarka, ni kuma ina amsa amin.